Abin da ke hana ƙwayar fata manta kanta



Idan wuƙa ta yanki mutum a yatsa, kafin mako biyu wurin ya cike da sabuwar fata. Ba a taɓa jin naman hanta ko tsokar zuciya ta tsiro a bakin rauni ba. Abin ya zama jiki har ba mai tsayawa ya yi mamaki, alhali kuwa abin mamaki ne. Jikin ɗan Adam yana ɗauke da ƙwayoyin halitta wajen tiriliyan 30, iri-iri har kusan 200, kuma dukkansu daga ƙwai guda suka fito. Duk wadda ke da cibiya a cikinsu tana riƙe da DNA iri ɗaya, wato saƙon gadon da mutum ya karɓo daga uwa da uba. DNA ɗin nan ya kasu sassa-sassa, kuma wajen 20,000 daga cikin sassan kowane yana ɗauke da umarnin haɗa wani furotin. Sassan gadon da ke koya wa hanta aikinta suna nan kwance a cikin ƙwayar fata, na ido ma suna nan. To me ya hana ƙwayar fata taɓa su? Kuma idan ta rabu biyu, wa ke gaya wa 'ya'yanta cewa su ma fata ne?

Yawancin amsar da ake da ita a yau ta fito ne daga hannun masanan da suka yi ƙoƙarin sa ƙwaya ta manta ko ita wace ce, suka ga irin turjiyar da take yi.

Ɗaya daga cikin na farkonsu shi ne John Gurdon, wanda a lokacin yake Jami'ar Oxford a Ingila. A zamaninsa wasu masana sun ɗauka ƙwaya tana zubar da sassan gadon da ba ta buƙata yayin da take girma. A 1962 Gurdon ya ɗauki ƙwan wani kwaɗo ɗan asalin Afirka mai suna Xenopus, ya kashe cibiyar ƙwan, ya cusa masa cibiyar da ya ciro daga hanjin talibambam. Wasu daga cikin ƙwan suka girma, suka zama talibambam masu iyo suna cin abinci. Ashe ƙwayar hanji ba ta zubar da komai ba. Ranar 5 ga Yuli 1996 aka haifi tunkiyar nan Dolly a Cibiyar Bincike ta Roslin da ke kusa da Edinburgh, daga cibiyar ƙwayar hantsar wata tunkiya mai shekara 6. Sai a 2006 Shinya Yamanaka da Kazutoshi Takahashi na Jami'ar Kyoto a Japan suka yi abin ba tare da ƙwai ba. Sun fara da sassan gado 24, suka yi ta ragewa har suka tsaya a kan huɗu: Oct4, Sox2, Klf4 da c-Myc. Da aka tilasta wa ƙwayar ɓera irin ta fata ta kunna waɗannan huɗun, sai ta koma ƙwayar asali irin ta ɗan tayi, wadda ke iya zama kowane irin nama a jiki. A 2007 aka yi haka da ƙwayar mutum, a 2012 kuma Gurdon da Yamanaka suka raba lambar yabo ta Nobel.

Jaridu sun ɗauki labarin nasara, kuma sun yi daidai. Amma alƙaluman da ke ƙarƙashin nasarar su ne abin dubawa. Gurdon ya dasa cibiyar hanji a ƙwai 726, lafiyayyun talibambam 10 kawai ya samu. Masu Dolly sun haɗa ƙwai 277, 'yar tunkiya ɗaya ce ta zo duniya. A gwaje-gwajen farko na dabarar Yamanaka, ƙwayoyin da ke komawa baya ba su kai ɗaya cikin 100 ba, sau da yawa ma ba su kai ɗaya cikin 1,000 ba, kuma sai an yi makonni ana jira. Sauran fa? Da yawansu sun karɓi furotin huɗun nan kamar 'yan'uwansu, amma suka ƙi motsi. Wasu suka mutu, wasu suka tsaya a tsakiyar hanya, wasu suka ci gaba da zamansu na fata.

Kafin a gane abin da ke riƙe su, sai an leƙa cikin cibiyar ƙwaya. Idan aka warware DNA ɗin ƙwaya ɗaya tak aka miƙe shi, tsawonsa ya kai wajen mita 2. Cibiyar da ake cusa shi ciki kuwa faɗinta bai wuce kashi ɗaya cikin 100 na milimita ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masaƙi ya ga yadda ake naɗe zare a kan kwarkwaro don kada ya harɗe, ya riga ya ga dabarar. DNA yana naɗe ne a kan dunƙulen wasu furotin da ake kira histon, takwas-takwas a kowane dunƙule. Yakan kewaye dunƙule kusan sau biyu, tsawon haruffa 147, sannan ya wuce zuwa na gaba, haka har dunƙule miliyoyi. Wani Bajamushe, Albrecht Kossel, shi ya gano histon tun 1884, kuma an daɗe ana yi masa kallon abin naɗi kawai.

Sai dai kowane histon yana da jela da ke leƙowa waje, kuma a jikin jelar nan ake maƙala wasu ƙananan sinadarai. Ɗaya daga cikinsu shi ne metil: ƙwayar zarra ɗaya ta kabon da uku na haidurojin, shi ke nan. Ba ya taɓa haruffan DNA ko kaɗan. A kan wata gaɓa ta furotin mai suna laisin ake ɗora shi, kuma ana iya ɗora ɗaya, ko biyu, ko uku a gaɓa guda. Vincent Allfrey na Cibiyar Rockefeller a New York ya yi rubutu a kan irin waɗannan alamomi tun 1964, ya kuma yi hasashen suna da hannu wajen kunna sassan gado da kashe su. Amma sai da aka shafe shekara 36 kafin a kama furotin ɗin da ke ɗora metil a kan laisin.

Ƙudaje ne suka nuna hanya. A 1930 Hermann Muller a Amurka ya haska wa ƙananan ƙudajen 'ya'yan itace irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, sai ya samu wasu daga zuriyarsu idanunsu sun fito dabbare-dabbare, ja da fari, maimakon ja zalla. Sashen gadon da ke ba ido launin ja lafiyarsa ƙalau. Matsar da shi kawai aka yi zuwa kusa da wani yanki na DNA da ke dunƙule tam. A wasu ƙwayoyin idon dunƙulewar ta malalo ta rufe shi, a wasu ba ta kai gare shi ba. Duk ƙwayar da aka rufe shi a cikinta kuma, zuriyarta a rufe take gadarsa, shi ya sa farin ke fitowa tabo-tabo. Daga baya masu nazarin ƙudaje suka gano wasu sassan gado da idan sun lalace idon ke komawa ja. Thomas Jenuwein, a wata cibiyar bincike da ke Vienna ta ƙasar Ostiriya, ya bi sawun ɗayansu har cikin jikin ɓera da na mutum. A shekara ta 2000 shi da abokan aikinsa suka nuna cewa furotin ɗin, mai suna SUV39H1, aikinsa ɗora metil a gaɓa ta 9 ta jelar histon H3. Shekara guda bayan haka aka gano cewa wani furotin, HP1, yana gane wannan alamar, ya kama ta, ya taimaka wajen matse dunƙulen da ke wurin har mai karanta umarni ya kasa kutsawa.

Mai sauraro zai riƙa jin sunaye irin su H3K9. H3 sunan histon ne, K harafin da masana ke nuna laisin da shi, lambar kuma matsayin gaɓar. Uku daga cikin alamomin za su yi ta dawowa. K4 takan zauna a bakin sassan da ke aiki. K9 ta yankunan da aka rufe aka matse ce, irin rufewar da ba a sa ran buɗewa. K27 ita ma rufewa take yi, wata ƙungiyar furotin mai suna Polycomb ke ɗora ta, galibi a kan sassan da ke zaɓa wa ƙwaya makomarta, irin waɗanda ƙwayar jijiya ke buƙata amma ƙwayar fata ba ta so su farka.

Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin rabuwa. Duk sa'ad da ƙwaya za ta rabu biyu sai ta kwafi DNA ɗinta, kuma kafin masu kwafin su wuce dole a sauke dunƙulen histon daga gabansu. Tsofaffin histon, da alamominsu a jiki, ana raba su tsakanin sababbin kwafin biyu, a mayar da su kusa da inda aka ɗauke su. Giɓin da ya rage sai a cike shi da sababbin histon waɗanda ba a yi musu alamar ba. Ke nan kowace 'ya rabin alamomin uwarta ta gada. Da a haka za a bar abin, rabuwa ta biyu ta bar kashi ɗaya cikin huɗu, ta uku ɗaya cikin takwas, kafin a rabu sau goma alama ta ɓace ƙurmus.

Abin da ke hana haka yana da ban sha'awa ƙwarai. Mai ɗora alamar shi ne kuma mai gane ta. SUV39H1 yana da ɓangaren da ke kama K9 da aka riga aka ɗora, da wani ɓangaren da ke ɗora sabuwa a kan maƙwabci. A 2009 ƙungiyar Danny Reinberg a New York ta nuna irin haka a Polycomb: ɗaya daga cikin furotin ɗin, mai suna EED, da zarar ya taɓa K27 mai metil uku, sai ya zaburar da abokinsa EZH2 ya ɗora irinta a histon na kusa. Tsohuwar alama ce ke kiran sabuwa. Kafin rabuwa ta gaba yankin ya koma a rufe kamar yadda uwa ta bar shi. Metil ɗin histon ba shi kaɗai ke wannan gadi ba. Akwai metil da ake ɗorawa a kan DNA ɗin kansa, akwai kuma furotin na musamman da ke ci gaba da kunna sassan fata a cikin fata. Amma a gwaje-gwajen mayar da ƙwaya baya, alamomin histon sun yi ta fitowa a sahun gaba na masu tare hanya.

An daɗe ana zaton metil idan ya hau histon ba ya sauka. A 2004 Yang Shi na Jami'ar Harvard ya gano furotin na farko mai cire shi, LSD1. A 2006 ƙungiyar Yi Zhang ta bayyana wani babban dangi na masu gogewa. Daga nan masana suka samu abin gwaji a hannu: za su iya hana mai ɗora alama, ko su ƙara mai goge ta, su ga abin da zai faru.

A 2012 Abdenour Soufi da Kenneth Zaret na Jami'ar Pennsylvania suka bi furotin huɗun Yamanaka a cikin ƙwayar mutum, su ga inda suke sauka a awa 48 na farko. Sun tarar Oct4 da Sox2 da Klf4 suna iya kutsawa har cikin DNA ɗin da ke naɗe. Amma akwai manyan yankuna fiye da 200, kowane tsawonsa haruffa miliyoyi, da furotin ɗin suka kasa shiga. Yankunan suna lulluɓe da K9 mai metil uku, kuma a cikinsu akwai sassan da ƙwayar asali ba ta tsayuwa sai da su, irin su NANOG. Da aka rage ƙarfin masu ɗora K9, furotin ɗin suka samu shiga, aikin kuma ya ƙara sauri.

A wannan shekarar Tamer Onder, a ɗakin binciken George Daley da ke Boston, ya ɗauki furotin 22 masu kula da naɗin DNA, ya riƙa kashe su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fi jan hankali shi ne DOT1L, mai ɗora metil a gaɓa ta 79, wadda ba a jela take ba, a jikin dunƙulen kansa take. Wannan alama tana zaune a kan sassan da ƙwayar fata ke amfani da su kullum, tana sa kashe su ya yi wuya. Da aka hana DOT1L aiki, ƙwayoyi da yawa suka koma baya, har aka iya yin aikin da furotin biyu kawai, Oct4 da Sox2. A birnin Guangzhou na ƙasar Sin kuma, ƙungiyar Pei Duanqing ta kula da ƙwayoyin da ke maƙalewa a tsakiyar hanya. A 2013 suka nuna K9 ce ta riƙe su, kuma idan aka zuba bitamin C a ruwan da ake renonsu sai su ƙarasa. Dalili kuwa masu goge metil na dangin da ƙungiyar Yi Zhang ta bayyana suna aiki ne da sinadarin ƙarfe, bitamin C kuma shi ke riƙe ƙarfen a yanayin da zai yi amfani. Ya kamata a faɗa a fili cewa wannan a cikin farantin gwaji ne, a kan ƙwayoyin da aka riga aka cusa wa furotin huɗun. Shan lemo yana da amfaninsa, amma ba ya mayar da ƙwayoyin jikin kowa yarinta.

Gwajin da ya fi fito da ƙarfin K9 fili na masu kwafin halitta ne, wato masu dasa cibiya a ƙwai irin yadda aka yi Dolly. A 2014 Shogo Matoba, yana aiki da Yi Zhang a Harvard, ya kwatanta ɗan tayin ɓera na haihuwa da ɗan tayin kwafi tun suna ƙwaya biyu-biyu. Ya samu yankuna 222 da suka farka a na haihuwa amma suka ƙi farkawa a na kwafi, kuma yankunan suna ɗauke da K9 ɗin da suka zo da ita daga jikin babban ɓera. Sai ya ɗauki allurar gilashi mai siririn baki, a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya tsira wa kowane ƙwai saƙon haɗa wani mai gogewa mai suna Kdm4d. Kafin allurar, kusan ɗaya cikin huɗu ne ke kaiwa matakin da ake dasawa a mahaifa. Bayanta, kusan tara cikin goma. 'Ya'yan ɓerayen da aka haifa da rai, a wani rukunin gwajin, sun tashi daga 1 cikin 100 zuwa sama da 8. Da aka tsira gurgun Kdm4d wanda ba ya iya gogewa, ba abin da ya canja.

Wannan dabara ce ta kai ga birai. Shekaru kusan 20 bayan Dolly, an yi kwafin shanu da aladu da karnuka da dawaki, amma biri ya gagara. A Cibiyar Nazarin Ƙwaƙwalwa da ke Shanghai, Liu Zhen da Sun Qiang suka haɗa allurar KDM4D da wani magani mai sassauta naɗin DNA. Sun dasa 'yan tayi 79 a cikin birai mata 21, shida suka ɗauki ciki, biyu suka haihu. An haifi Zhong Zhong da Hua Hua a ƙarshen 2017, aka sanar da duniya a Janairun 2018. Cibiyoyin da aka yi su da su daga ƙwayoyin ɗan tayi aka ciro. Da aka gwada da ƙwayoyin manyan birai, an haifi biyu, amma ba su daɗe ba suka mutu. Birai da yawa sun sha allura da tiyata kafin a samu waɗannan biyun, kuma masu tambayar ko hakan ya dace suna da hujjar tambaya.

Mai sauraro zai iya cewa to ai sai a goge alamomin gaba ɗaya a huta. Gwajin Onder kansa ya nuna ba haka ba ne. Da ya kashe furotin ɗin Polycomb masu ɗora K27, komawa baya raguwa ta yi, domin ƙwayar fata ba ta zama ƙwayar asali sai an rufe sassan fatar, kuma Polycomb ne mai rufewa. A 2012 ƙungiyar Jacob Hanna a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila ta nuna ɗaya ɓangaren: idan babu Utx, mai goge K27, aikin ma ba ya tafiya, domin wasu sassan ƙwayar asali a ƙarƙashin K27 suke. Alama ɗaya ce, ana buƙatar a ɗora ta a nan, a cire ta a can, a lokaci guda. Ita kanta ƙwayar asali ba fara fat take ba. Tun 2006 Bradley Bernstein da abokan aikinsa a Boston suka gano cewa a cikinta sassan da ke zaɓar makoma suna ɗauke da alamomi biyu masu karo da juna, K4 da K27, a wuri guda. Sashen yana kashe, amma a shirye yake. Ranar da ƙwayar ta ɗauki hanyar zama jijiya, sassan jijiya su yar da K27 su riƙe K4, na sauran hanyoyin kuma galibi su yi akasin haka.

Gurdon, yana da shekara sama da 80, ya koma kan kwaɗinsa ya ƙara wani abu da ba a mai da hankali a kai ba. A 2017 Eva Hörmanseder da Jerome Jullien, a ɗakin bincikensa da ke Cambridge, suka ciro cibiyoyi daga ƙwayoyin da za su zama hanji, suka dasa a ƙwai, sannan suka duba ɓangaren ɗan tayin kwafin da zai zama fata. Sai ga sassan hanji suna ta aiki a wurin, inda ba su da hurumi. Sassan da suka ƙi mutuwa su ne masu K4 da yawa a ƙwayar da aka ciro. Da aka rage K4 kafin dasawa, ta hanyar mai gogewa Kdm5b, 'yan tayin suka fi girma da kyau. Ke nan ƙwaya tana tuna abin da ta rufe, tana kuma tuna abin da ta saba kunnawa.

Duk wannan turjiya da ke ba masana wahala, jiki kuwa da ita yake tsaye, kuma an ga abin da ke faruwa idan ta karye. A 2013 María Abad da Manuel Serrano a Madrid ta ƙasar Sifaniya suka samar da ɓerayen da za a iya kunna musu furotin huɗun Yamanaka a cikin jiki, ta hanyar zuba magani a ruwan shansu. Ƙwayoyin cikinsu sun koma baya kamar yadda aka zata, sai ƙari ya tsiro a gaɓoɓi daban-daban, irin ƙarin da ake samun nama iri-iri a cakuɗe a cikinsa. A jikin mutum ma akwai misali mai ban tausayi. A 2012 masu bincike a Amurka da Kanada suka gano cewa a wata sankara da ke kama tushen ƙwaƙwalwar yara ƙanana, kusan kashi 80 cikin 100 na masu ita gaɓa ta 27 ta histon H3 ce ta sauya, wata gaɓa mai suna metiyonin ta maye gurbin laisin. A 2013 ɗakin binciken David Allis ya nuna cewa wannan gurɓataccen histon, ko da kaɗan ne a cikin ƙwaya, yana hana Polycomb aiki, K27 ta ragu a faɗin DNA. Ƙwayoyin sai su maƙale a ƙuruciya, ba su girma su zama abin da ya kamata ba, suna ta rabuwa. Yawancin yaran ba sa wuce shekara guda bayan an gano cutar. Shi ma DOT1L ɗin da ke tare hanyar komawa baya, a wata sankarar jini ta jarirai karkatar da shi ake yi zuwa sassan da ya kamata su mutu, ya riƙe su a kunne.

Saboda haka wannan sharhi yake ganin ya kamata a saurari masu alkawarin mayar da tsoho yaro da kunnen hankali. Akwai aikin gaske a fagen. A 2016 ƙungiyar Juan Carlos Izpisua Belmonte a Cibiyar Salk ta Kalifoniya ta kunna furotin huɗun a jikin ɓeraye masu cutar saurin tsufa, kwana biyu a kunne, kwana biyar a kashe, ɓerayen suka ƙara kusan kashi 30 cikin 100 na tsawon rai. Amma a wannan binciken, waɗanda aka bar wa furotin ɗin a kunne babu hutu cikin 'yan kwanaki suka mutu. Duk wanda ya zo da allura a kwalba yana cewa ƙwayoyin asali ne masu maganin kowace cuta, yana neman kuɗin marar lafiya, ya tsallake tambayar da manyan ɗakunan bincike ke fama da ita har yau: wa zai tabbatar ƙwayar ta zama abin da ake so, ta kuma tsaya a nan? Inda ake aikin da gaskiya a hankali ake tafiya. A Satumban 2014 ƙungiyar Masayo Takahashi a birnin Kobe ta dasa wa wata dattijuwa tantanin bayan ido da aka reno daga ƙwayoyin fatarta, karo na farko a duniya. Da aka ga sauyi a DNA ɗin ƙwayoyin da aka shirya wa mutum na biyu, sai aka dakatar da nasa dashen.

Akwai inda zancen ya taɓa gidaje da yawa a Najeriya da Nijar, wato ciwon sikila. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da shi, ƙiyasin da aka fi ambata wajen 150,000 a shekara. Cuta ta farko da aka gwada warkarwa da dabarar Yamanaka ita ce wannan. A 2007 Jacob Hanna, a ɗakin binciken Rudolf Jaenisch da ke Amurka, ya ɗauki ƙwayoyi daga jelar ɓera mai sikila, ya mayar da su baya, ya gyara harafin da ya lalace, ya rene su suka zama iyayen ƙwayoyin jini, ya mayar wa ɓerayen, jininsu ya gyaru. A mutum abin ya fi wuya, domin jajayen ƙwayoyin jinin da ake samu ta wannan hanya sukan tsaya a kan sinadarin jini irin na ɗan tayi, kuma samar da uwar jinin da za ta zauna a ɓargo ta daɗe tana ba masana wahala.

Sai dai wannan sinadarin jini na ɗan tayi shi kansa abin nema ne ga mai sikila. Jariri yana zuwa duniya da shi, kuma yana hana ƙwayar jini lanƙwashewa. A watannin farko jiki yake rufe sashen gadonsa ya kunna na manya, shi ya sa ciwon ba ya bayyana sai yaro ya kai wajen wata shida: kumburin hannu da ƙafa, kukan da ba ya jin rarrashi. Cikin masu rufe wannan sashe akwai G9a, wani mai ɗora metil a K9. A 2015 ƙungiyoyi biyu a Amurka, ta Ann Dean da ta Benjamin Ebert, suka hana shi aiki a cikin ƙwayoyin jinin manya, sai sinadarin jini na ɗan tayi ya sake fitowa. A cikin faranti aka yi gwaje-gwajen biyu. Aikin da ke gaban masu son mayar da su magani shi ne sauran yankunan da G9a ke rufewa a ɓargo da hanta da ƙwaƙwalwa, domin maganin da aka haɗiya can ma zai isa.